Yadda za a ɗora tukunyar gida kan wake, hatsi da ganye a Jos

Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba nama ne ke riƙe da tukunya ba. Tuwon dawa da miyar kuka, ɗanwake, garau-garau, dambu, kwaɗon rama, kunun gyaɗa, duk daga gona suke zuwa, nama kuwa yanka ɗaya ne ko biyu a gefen kwano. Abin da ya ɓata mana ci a shekarun nan shi ne yadda farar shinkafa, taliyar leda, burodi, lemon kwalba da soye-soye suka ture wake da ganye gefe. Gidan da ya daina sayen nama amma ya zauna kan shinkafa da mai da yaji safe da dare bai gyara komai ba, jikinsa ma ya ƙara ƙwara.

Aikin da ke gabanmu shi ne dawo da wake da ganye tsakiyar kwano, a kuma iya sarrafa su yadda mutanen gida za su ci har su nemi ƙari. Mazauna Jos sun fi kowa samun sauƙin wannan. Kabeji, karas, koren wake, latas da dankalin turawa da ake lodi zuwa Abuja da Legas daga nan suke tashi, ga acca da tamba, ga waken suya a duk kasuwar hatsi.

Duk ma'aunin da ke ƙasa na gida ne mai mutum shida. Kofi shi ne mai cin mililita 250, wato huɗu su cika lita. Babban cokali na cin abinci ne, ƙarami na shayi.

Fasalin kwano

A raba kwano da ido. Rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko awara ko gurjiya, kwata tuwo ko acca ko shinkafa ko dankali. A gidajenmu akasin haka ake yi, malmala biyu da ɗan ludayin miya, don haka gyaran farko ba ya cin ko kwabo: a rage malmala, a ninka miya, miyar kuma ta yi kauri da ganye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, kimanin cikin hannu biyar ke nan. Dankalin turawa, dankalin Hausa, rogo da doya ba sa cikin wannan lissafi, layin tuwo suke. Wannan ya kamata mutumin Jos ya riƙe da kyau, domin a nan dankali ya yi araha har wasu na ɗaukarsa kayan lambu.

Batun furotin kuma, wato sinadarin gina jiki, wanda shi ne fargabar kowa idan aka ce a rage nama: babba mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kusan giram 50 a rana. Giram 100 na busasshen wake na ɗauke da kimanin 23, gyaɗa kimanin 25, waken suya ya haura 35. Hatsi na da nasa, sai dai akwai wani ɓangare na furotin da ya yi ƙaranci a hatsi amma ya wadata a wake, wani kuma ya yi ƙaranci a wake ya wadata a hatsi. Shi ya sa shinkafa da wake, ko ƙosai da koko, suka fi kowannensu shi kaɗai. Ba lallai sai a kwano ɗaya ba, in dai an ci duka a yini guda ya wadatar. Kofi biyu da rabi na busasshen wake a rana, tare da gyaɗa a miya ko a kunu, ya riƙe gida mai mutum shida.

Cefane

Maigida, idan kai ke cefane, kayan gwari a Farin Gada ko kasuwar Building Materials, da sassafe kafin rana ta taɓa ganye. Hatsi, wake da gyaɗa a Katako. Kayan hatsi a saya na wata guda, ganye kuwa na kwana biyu zuwa uku kawai, ban da kabeji da karas da ke jure mako a wuri mai sanyi.

Wake sai an shinshina. Wasu 'yan kasuwa na zuba masa maganin ƙwari mai ƙarfi don ya daɗe a ajiye, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Ka ɗebi cikin hannu daga tsakiyar buhu, ka murza, ka kai hanci. In ka ji wari irin na fiya-fiya, ko ka ga farin gari na manne a tafinka, ka wuce gaba komai kyan waken. Wanda ƙwaro ya ɗan huda nan da can ya fi wannan aminci. A gida, a shanya wake ya bushe ƙayau, a zuba a jarka mai tsabta har baki, a toshe murfin sosai. Ƙwaron ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Mai ajiyar buhu guda ya nemi buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, a ɗaure kowanne daban. Ba ya buƙatar magani ko kaɗan.

Gyaɗa da masara su ne masu haɗarin fumfuna. Gyaɗar da ta yamushe, ta yi baƙi, ko ta yi ɗaci a baki na iya ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke lahanta hanta, kuma wuta ba ta kashe ta, suya ko dahuwa. Tsincewa a zubar ita ce kaɗai mafita, kuma kada a ba kaji abin da aka tsince. Ƙuli-ƙulin da ya yi arha fiye da kima sau da yawa daga irin wannan gyaɗa yake, araha kuwa ba ta ado. A sayi gyaɗa da ido, ko a tsaya wajen mai ƙuli guda da aka yarda da ita.

Dankalin turawa na Bokkos da Mangu, a guji wanda fatarsa ta yi kore ko ya fito da tsiro. Koren alama ce ta wata guba mai sa amai da ciwon ciki. In ɗan wuri ne a yanke shi da zurfi, in ya mamaye a jefar. Ajiyarsa a duhu, nesa da albasa.

Latas, kabeji da lansir da za a ci ɗanye suna son wanki na gaske. Yawancin lambunan rani a kewayen Jos da ruwan rafi ko na tsofaffin kududdufan haƙar kuza ake ba su, ba a san abin da ya shiga ruwan ba. A cire ganyen waje, a ɓare sauran ɗaya-ɗaya, a wanke kowanne a ruwa mai tsabta ana murza shi da yatsa, a canja ruwa sau uku. Jiƙawa a ruwan gishiri na taimakawa, amma ba ya maye gurbin wannan murzar. A wanke kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Ga mai ciki da ƙananan yara, dafaffen ganye ya fi kwanciyar hankali.

Dahuwar wake a garin sanyi

Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma a irin wannan tsayi ruwa kan tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, wajen digiri 96 maimakon 100. Bambancin kamar kaɗan ne, amma wake na jinsa: ya fi daɗewa a wuta a nan fiye da a Legas. Wannan ne ke sa hannu ya riƙa kaiwa ga kanwa. Kanwa na nunar da wake da wuri, gaskiya ne, sai dai tana lalata bitamin B1 da ke cikinsa, in ta yi yawa kuma ta ɓata ciki. A bar ta ga ɗanwake inda ake buƙatar ɗan kaɗan.

Uwargida, jiƙo shi ne maganin. Ki tsince wake, ki wanke, ki zuba ruwa ninki uku, ki bar shi awa shida zuwa takwas. Ki zubar da ruwan jiƙon, domin wani ɓangare na abin da ke kumbura ciki a cikinsa yake fita. Ki sa sabon ruwa ya haura waken da yatsa biyu, ya tafasa sosai, sannan ki rage wuta ki rufe. Jiƙaƙƙen wake na bana kan nuna cikin minti 35 zuwa 50. Na bara ya fi taurin kai, wani sai ya haura awa. In ruwa ya ƙone, da ruwan zafi za ki ƙara.

Tumatir, tsamiya, yakuwa da duk abu mai tsami sai wake ya nuna ake sa su. In suka riga shi shiga tukunya, fatar waken ta ƙanƙame, ki ƙarar da gas bai yi laushi ba. Gishiri ba ya yin haka, ana iya sa shi tun tsakiyar dahuwa. Mai tukunyar furesha, wadda ke dahuwa da matsin tururi, ta huta: minti goma bayan ta fara huci ya isa, amma kada wake da ruwa su wuce rabin tukunyar saboda kumfa na toshe hancinta.

Wanda bai saba cin wake kullum ba zai ji kumburin ciki a makon farko da na biyu. A fara da rabin ludayi, a riƙa ƙarawa, a sha ruwa sosai. Hanji na sabawa.

Awara

A nan za mu daɗe, domin awara ce ke maye gurbin nama a miya, kuma ita ce aka fi ɓatawa.

Ki auni rabin kilo na waken suya, kofi biyu da rabi ke nan. Ki tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, ki wanke, ki jiƙa. A watannin zafi, Maris da Afrilu, awa takwas ta isa. A hunturun Disamba da Janairu, da ruwan Jos ke yanka hannu, sai ya kai awa goma sha biyu. Ki gwada da ido: ki ɓare ƙwaya ɗaya gida biyu. In cikin ya yi sumul, launi ɗaya daga baki zuwa tsakiya, ya jiƙu. In akwai ɗan kwarmi mai duhu a tsakiya, da saura. In kuwa saman ruwan ya yi kumfa yana warin tsami, ya wuce, madarar za ta tsinke tun kafin ki so, awarar ta fito kaɗan.

Ki murje waken a cikin ruwa, ɓawon ya taso ki tsiyaye. Sai markaɗe. In inji za ki kai, ki aika da sassafe ko ki sa a ɗauraye injin, domin ragowar ƙullun kamu mai tsami ko kayan miya na wani gida na iya ɓata miki aiki gaba ɗaya. Markaɗen ya yi laushi sosai, wanda in kin murza tsakanin yatsu ba ki jin tsaki. Duk abin da bai niƙu ba dusa zai tafi, ba awara ba. Jimillar ruwan da za ki yi amfani da shi, na markaɗe da na tata, lita huɗu. Ki ɗiga ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa a ƙullun, yana kwantar da kumfa ya sauƙaƙa tata. Ki tace da kyallen tata mai ƙananan ido, ki matse, ki mayar da dusar cikin ɗan ruwa ki sake matsewa. Tata ta biyu na fitar da madara mai yawa da mutane ke asara.

Tukunya ta zama babba, madarar kada ta wuce rabinta. Madarar waken suya na tasowa farat ɗaya, kina juya baya ta malale a murhu. Ki tsaya a kanta da muciya kina goga gindin tukunya don kada ta kama, domin in ta kama, ƙaurin zai bi awarar duka kuma ba ya fita. Bayan ta tafasa, ki rage wuta ta ci gaba da ɓararraka a hankali minti goma zuwa goma sha biyar. Kada ki gajarta wannan. Ɗanyen waken suya na ɗauke da wani sinadari da ke hana jiki narkar da furotin, tafasar ce ke kashe shi, ita ce kuma ke korar gafin wake.

Sai sa tsami. Ki sauke tukunya, ki bar ta minti uku zuwa biyar ta daina tafasa. Abu uku ake amfani da su a gida. Ruwan tsamin kamu da ya kwana biyu ko uku shi ne mafi sauƙi, awararsa fara ce mai laushi, amma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne kullum, don haka ki tanadi kofi uku ko fiye. Lemon tsami, babban cokali shida zuwa bakwai a cikin kofi guda na ruwan ɗumi. Jiƙaƙƙiyar tsamiya ma na yi, sai dai awarar kan yi duhu. Ko wanne kika ɗauka, kada ki juye shi gaba ɗaya. Ki zuba kashi ɗaya cikin uku kina zagaya tukunyar, ki juya sau biyu a hankali, ki tsaya ki duba. Za ki ga madarar ta fara tsinkewa, fararen dunƙule na haɗuwa suna tasowa, ruwa na rabuwa da su a gefe. Ki ƙara kashi na biyu. Abin da kike nema shi ne ruwan ya koma garau mai ɗan rawaya-rawaya. In har yanzu fari ne kamar madara, ki ƙara tsami kaɗan. Da zarar ya yi garau ki tsaya, ko da tsamin ya rage a kofi. Ki rufe tukunya minti goma zuwa sha biyar ba tare da kin taɓa ba.

Kurakurai uku ne a wannan gaɓa. Tsami ya yi yawa, awara ta yi tsami ta riƙa marmashewa. An yi ta juyawa da ƙarfi, dunƙulen ya farfashe ya bi ruwa. Ko madarar ta huce kafin a sa tsami, ta ƙi haɗuwa. Na ukun na da gyara: ki mayar wuta kaɗan ta yi zafi, za ta haɗu.

Ki kwashe da matsami ko ludayi mai huji zuwa cikin kyalle, ki barbaɗa yankakkiyar albasa, attarugu da ɗan gishiri tsakanin kowane ludayi. Ki ɗaure, ki ɗora a kan tire mai karkata, ki danne da turmi ko bokiti mai ruwa lita biyar. Minti talatin na ba da mai laushi, awa guda na ba da mai tauri da za ta jure miya. Rabin kilo kan ba da kimanin giram 700 zuwa 800. Ruwan da ya tsiyaye kada ki zubar duka, ki ajiye kofi uku a rufe kwana biyu ya yi tsami, shi ne ruwan tsaminki na gaba.

Awarar bakin titi a cikin mai take iyo, wani lokacin man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. A gida ki shafa babban cokali biyu na mai a kasko, ki gasa yankan kowane gefe har ya yi ja, sannan ki jefa a miyar taushe ko ta tumatir minti goma kafin saukewa. In kina da firiza, ki daskarar da ita sannan ki narkar ki matse: sai ta yi ƙofofi a ciki, ta sha miya, ta yi tauna irin ta nama. Wadda ba a soya ba tana kwana uku a firij cikin ruwa mai tsabta da ake canjawa kullum. In babu wutar lantarki, a gasa ta a ranar da aka yi ta. Dusar kuma ba ta awaki kaɗai ba ce, kashi ɗaya nata cikin kashi huɗu na ƙullun ƙosai ko alale na ƙara auki, amma ta shiga wuta a ranar da aka tace, domin ba ta kwana.

Gwaten acca

Gwate shi ne abincin Filato da ya riga ya cika sharuɗɗan kwanon da muka faɗa, ganye ya fi hatsi yawa. An saba dafa shi da ƙashi. In aka cire ƙashi, gyaɗa da daddawa ne ke riƙe ɗanɗanon, wake kuma ya sa ya zauna a ciki.

Kafin komai, regewa. Ƙwayar acca da ƙwayar yashi girmansu ɗaya, kuma yashi ɗaya a haƙori ya isa ya sa yaro ya ƙi acca har ya girma. Ki sami ƙwarya biyu. Ki wanke accar sau biyu har ruwan ya daina yin fari, sai ki zuba ruwa ya rufe ta. Ki karkata ƙwaryar kaɗan a bisa ta biyun, kina girgiza ta a hankali gefe da gefe, ruwa na ɗauko acca yana tsallakar da ita baki sannu-sannu. Kada ki yi gaggawar juye na ƙarshe: a gindin ƙwarya za ki ga ɗan layi mai duhu, shi ne yashin, ki zubar da shi tare da 'yar accar da ta maƙale masa. Ki maimaita daga wannan ƙwarya zuwa waccan sau huɗu ko biyar, har gindin ya fito fes. Ki ɗan tauna kaɗan ki tabbatar. Ko wadda aka sayar miki a leda aka ce wankakkiya ce, ki rege ta ko sau ɗaya.

Kayan haɗi: acca kofi ɗaya da rabi, ruwa lita uku, dafaffen wake kofi biyu, niƙaƙƙiyar gyaɗa rabin kofi, gauta shida, alayyafo dami biyu, yakuwa ƙaramin dami ɗaya, kwatan kabeji, karas biyu, albasa mai lawashi, attarugu biyu, daddawa biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi.

Ki ɗora ruwa da albasa, jajjagen attarugu, dakakkiyar daddawa, gauta da aka raba huɗu, da gyaɗar da kika dama da ruwa. Su tafasa minti goma. Ki zuba wake da karas. Sai acca, kina yaryaɗa ta da hannu ɗaya kina juyawa da ɗayan, domin in kika juye ta a dunƙule gudaji za ta yi. Minti goma a wuta kaɗan. Kabeji da yakuwa su biyo, minti biyar. Alayyafo da lawashi su ne na ƙarshe, minti biyu ki sauke, zafin tukunya zai ƙarasa su suna kore shar.

Ki sauke shi da ɗan ruwa-ruwa, domin acca na ci gaba da shan ruwa, gwaten da ya yi daidai a wuta tuwo zai zama a kwano. In tsamin yakuwa ya yi yawa, ƙarin gyaɗa na kwantar da shi. In yara ba sa son ɗacin gauta, ki rage zuwa uku ki ƙara yalo.

Masu ciwon suga su lura. Ana yawan cewa acca maganin suga ce, har wasu su cika kwano da tuwonta hankali kwance. Acca hatsi ce, sitaci ne a cikinta kamar sauran, dole a auna ta. Gwate ya fi tuwon acca dacewa da su saboda ganye da wake sun rinjayi hatsin, kuma kada a ajiye maganin asibiti saboda an koma cin ganye.

Kwaɗo, da ɗanɗanon miya

Zogale a zage shi, a cire tsinkayen, a wanke, a dafa da ruwa kaɗan minti goma zuwa sha biyar ba kanwa. A matse sama-sama, ruwan a zuba a miyar dare. Ga kofi huɗu na dafaffen zogale: garin ƙuli kofi ɗaya, albasa ɗaya, tumatir biyu, barkono, man gyaɗa babban cokali biyu, da matsin rabin lemon tsami. Man ba ado ba ne, jiki ba ya iya ɗaukar bitamin A na ganye sai da ɗan maiƙo. Rama kuwa a tafasa a tsiyaye sau ɗaya don rage tsami. Lokacin da ganye ya yi yawa da damina, a shanya zogale da kuka a inuwa inda iska ke ratsawa. Wanda aka shanya a rana kan koɗe, amfaninsa ya ragu.

Miyar da ba nama takan yi salam, sai a cika ta da magi, shi kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Iyakar babba a rana bai kai giram 5 na gishiri ba, ƙaramin cokali guda, har da na cikin magi da burodi. Ɗanɗano daga wurare uku za a nemo shi: albasa da aka soya a wuta kaɗan har ta yi ja, daddawar kalwa da aka daka aka sa tun farko ta narke, da gyaɗa ko riɗi ko agushi. Manja kada a bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, jan nan shi ne amfaninsa.

Abin da gona ba ta bayarwa

Bitamin B12 babu shi a wake, babu a zogale, babu a acca. Daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa. Jiki na da ajiyarsa, shi ya sa rashinsa ba ya nunawa sai bayan watanni ko shekaru: kasala, ƙarancin jini, jin kamar ana tsira allura ko mutuwar tafin ƙafa da hannu, mantuwa. Lahanin da yake wa jijiya wani lokacin ba ya gyaruwa. Shawararmu ga yawancin gidaje ita ce kada a yanke kayan dabba kwata-kwata. Kindirmo ko nonon da aka tafasa, ƙwai, da ɗan busasshen kifi a miya su riƙa shigowa a kai a kai cikin mako. Wanda ya zaɓi barin su gaba ɗaya, shan ƙwayar B12 ya zama masa dole, ya nemi likita ya tsara masa. Tsofaffi da masu shan metformin na ciwon suga sun fi kowa saurin rasa shi.

Sinadarin ƙarfe mai gina jini akwai shi a wake da ganye, amma jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama. Abu mai bitamin C a lokacin cin abinci na ƙara ɗaukarsa: lemo, gwaiba, ɗanyen tumatir, matsin lemon tsami. Shayi kuwa na rage shi, kuma sanyin Jos ya sa mun saba kora komai da shayi. A ba da tazarar awa guda tsakaninsu. Mai ciki ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini da ake ba ta wajen awo, komai yawan zogalen da take ci. Gishiri a sayi mai aidin. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara wake da ganye sai da izinin likitansa.

Jariri nonon uwa zalla har wata shida, kuma madarar waken suya ba ta maye gurbinsa. Daga wata shida, garin kunu mai kyau shi ne gero ko dawa ko tamba gwangwani shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya. A soya kowanne daban a kasko ba mai har ya yi ƙamshi, a cire ɓawon waken suyan, a niƙa tare. Kunun ya yi kauri ya zauna a cokali, domin cikin yaro ƙarami ne, tsararo ruwa kawai zai cika masa. Tamba ta fi sauran hatsinmu sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, don haka ta cancanci shiga kunun manya ma.

Yadda za a shigar da wannan tsari gida

Kada a yi shela cewa an daina nama, rigima za a jawo. Makon farko a gyara karin kumallo kawai: ƙosai ko alale da kunun gyaɗa ko na tamba maimakon burodi da shayi mai suga cokali uku. Mako na biyu, abincin rana ya zama garau-garau da kabeji da tumatir, ɗanwake, dambun zogale ko gwate. Mako na uku, a raba naman miyar dare biyu, a cike gurbin da gasasshiyar awara. Abin taɓawa na yara ya koma gyaɗa, aya, dafaffiyar gurjiya, atili, rizga, fiya da mangwaro a lokacinsu. Abincin da ya rage kada ya wuce awa biyu a waje ba a ɗumama ko an sa a firij ba, ɗumame kuma ya tafasa har tsakiya.

Ko gidan haya ne, buhu biyar a bayan ɗaki na rage kuɗin ganye. A haɗa ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya, a cika tsohon buhun shinkafa, a huda gindinsa wuri shida. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, a gauraya shi da yashi kafin a yafa don kada ya fito a cunkushe. Cikin mako huɗu zuwa biyar ya isa yanka, in an yanke sama aka bar tsawon yatsa huɗu zai sake tohowa. Gindin albasa mai lawashi da aka saba zubarwa, a dasa shi ya ba da sabon lawashi. Ɓawon dankali, na wake da ragowar ganye a tara a rami ana rufawa da ƙasa, cikin wata biyu zuwa uku sun zama taki, ban da mai da ragowar miya da ke jawo ɓera. Ɗanyen kashin kaji na ƙone shuka, sai ya ruɓe tukuna. A Yuli da Agusta, da ruwan Jos ke kwana yana zuba, a ɗora buhunan a kan duwatsu ko bulo don ruwa ya riƙa tsiyayewa, in ba haka ba saiwar ta ruɓe ganyen ya yi rawaya.